Kaftanin Mahaifiyar Lalla Batul

Na ɗinka, Lalla Batul ta shafa ta ture. Na sake ɗinkawa, ta sake turewa. Ni Zuhur, da duk birnin Fas ya san allurata!

Hoton mahaifiyarta ta kawo mini, wanda wani Bature ya zana tun ita Lalla tana jaririya a hannun uwar, don in ɗinka mata irin rigar da ke jikin uwar. Uwar ta rasu ta bar ta ƙarama, kayanta suka watse. Yanzu tsufa ya kusa rufe mata ido, burinta kawai ta taɓa rigar nan kafin ta cika.

"Alharinin ya yi, 'yata," in ji ta, "amma ba ita ba ce."

"To me ya rage, Lalla?"

"Oho. Hannuna ne ya ƙi."

Ji fa, wai hannunta ya ƙi! Raina ya ɓaci matuƙa. Mijina Si Allal, mai ƙulla mini maɓallan zare, yana gefe yana kurɓar shayin na'ana'a.

"Gwanar Fas, yau an kayar da ke," ya ce. "Baturen nan ina ya san riga? Abin da ya ga dama ya zana."

"Kai dai ji da shayinka."

Haushinsa ne ya sa na fito da hoton tsakar gida, na tsura masa ido. Maɓallan sun jeru daga wuya har ƙasa, sambal, babu wanda ya ja, alhali matar mai shayarwa ce. Kuma wace mai jego ce za ta tsaya ɓalle wannan tulin maɓallai jariri na tsala ihu? Ashe na ado ne, ba a buɗe su! A hagu, ƙarƙashin ɗinkin zinariya, akwai wata 'yar inuwa da na ɗauka datti ne. Da na matso, sai ga bakin igiya ya leƙo.

Nan take na ɗauki almakashi. Na tsaga ƙirjin rigar ta ƙarƙashin adon, na sa maɓalli guda ta ciki da 'yar igiyarsa, na mayar da adon ya rufe.

Da Lalla ta dawo na zaunar da ita. Na saka rigar a jikina, na durƙusa gabanta. Ta bi maɓallan da yatsu, fuska a murtuke. Can hannun ya zame hagu da kansa, ya shige ƙarƙashin adon, ya ja igiyar. Tsagar ta buɗe.

"Inna," ta ce. Ta tura hannun ciki, ta kifa kanta a ƙirjina. "Nan nake ɓoye hannuna in ana sanyi."

Wayyo daɗi! Na rungume ta, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta saman soro.