Layin da Ya Ƙi Narkewa

A gida Auta ake ce mata, a wurin aiki kuma ita ce mai gwajin sabbin kayan abinci kafin a ba su izinin shiga kasuwa. Aikinta ba ɓoyayye ba ne. Takan zuba abincin cikin wani ruwa mai tsami da aka haɗa kamar ruwan cikin mutum, ta riƙa ɗiba bayan 'yan mintuna tana dubawa. Furotin ɗin da ke ciki yakan fito layi-layi a jikin faranti. In layukan sun ɓace da wuri, ciki ya narkar da shi ke nan. In wani ya tsaya, to a bi a hankali, don irinsa ne kan tayar wa wasu borin jini, har numfashi ya sarƙe.

Ranar Talata aka kawo mata wani koren gari da aka sarrafa daga ganyen ruwa mai kama da kainuwa. Manajan kamfanin da ya aiko garin kuwa mijin yayarta ne. Ta faɗa wa Dakta, shugaban ɗakin gwajin, ya ce ta yi aikinta, shi zai duba bayanta.

Sakamakon ya yi kyau. Kyan ne ma ya dame ta. A minti biyu babu layi ko ɗaya. Da ta koma kan kwalbar farko, wadda ba ta taɓa ruwan tsamin ba, nan ma layukan dishi-dishi ne, kamar an riga an narkar da garin tun kafin ya iso hannunta. Ta sake gwajin da sabon haɗi. Duk ɗaya.

Ranar Asabar da rana ta je gidan yayarta. Tana ɗauko kofi a kicin ta hango wani gwangwani marar takarda, cike da koren garin.

"Anti, wannan fa?"

"Na kamfaninsu ne. Ya kawo wai mu riga kowa ɗanɗanawa. Ni warinsa ya hana ni."

Suna cikin haka maigidan ya shigo. "A'a, likitar tukunya! Yaushe za ki sake mana takardarmu, ko sai mun kawo toshi?"

"Yaya, kai da ka fi kowa haƙuri?" ta ce tana dariya. Amma ta lura tambayar takardar ya fara yi, bai ko tambayi su Mama ba. Da ya shige ɗaki, ta ɗebi cokali biyu ta ƙulle a leda.

Ran Litinin ta gwada na gwangwanin. Layi huɗu suka fito ɓaro-ɓaro. Uku suka ɓace kafin minti biyar. Na huɗun yana nan a minti goma, yana nan a talatin, awa guda ta cika yana nan daram. Ta nuna wa Dakta. Ya cire tabarau ya ce, "Waɗannan ba gari ɗaya ba ne."

Ta roƙe shi ya bari ta fara ganin mijin yayarta. Ta same shi a ofis, ta ajiye hotunan sakamakon gwaji biyun a kan tebur.

"Wanne ne za ku sayar wa mutane, Yaya?"

Ya daɗe yana kallon hotunan. "Ban gane ba."

"Wanda kuka aiko mana an narkar da shi tun daga wurinku. Na kicin ɗin Anti ba a narkar ba."

"Kicin ɗina kika shiga yi min bincike?"

"Kofi na je ɗauka."

Ya kira injiniyansu, ya buɗe muryar wayar don ta ji. Injiniyan ya ce injin gwaji ƙarami yana da matakin da ake zuba sinadarin narkarwa, babban injin da ke yin na sayarwa kuwa ba shi da shi. "Ai yallaɓai, kai ka ce a ba su na ƙaramin, ya fi kyan gani."

Ya kashe wayar. "Launi nake nufi, Auta. Wallahi launi. Ni me na sani game da layi?"

Ta dube shi. Zai iya zama gaskiya. Mutumin da ya kawo garin gidansa da hannunsa, anya ya san da matsala? Amma kuma ta ga shi bai yi mamakin jin maganar injin ba.

"Layin nan bai tabbatar da cewa garin zai cutar da kowa ba," ta ce. "Yana nufin sai an gwada shi da jinin masu fama da borin jini. Wata shida, ko fiye."

"Ki rubuta abin da kika gani," ya ce, bai ɗago kai ba.

Aka dakatar da izinin. Da yamma yayarta ta kira. "Ki faɗa min tsakani da Allah, ya sani?"

"Anti, ban sani ba. Na so a ce na sani."

Bayan kwana uku Dakta ya tura ta masana'antar ta ɗebo samfur da kanta. Mai kula da sito ya tarbe ta da fara'a, ya nuna mata buhu uku da aka jera a bakin ƙofa, an ma kwance mata bakinsu. Ta gode masa, ta wuce su, ta ratsa har ƙuryar siton, ta nuna wani buhu da ke can ƙasa.

"Wancan nake so. A sauke na samansa."