Kwamfuta Tana Neman Direba

…to ai yana ciki, da idonta ta ga an saka shi. A gabanta Kamil ya kwance bayan kwamfutar, a shagonsa na kasuwar Batha, nan Riyad, ya zare tsohon faifan da ya mutu, ya soka sabon, wani ɗan siriri kamar cingam, ya ɗaure shi. Yana ciki! Amma allon ya kafe, wai bai ga komai ba. Farin akwati, wayam, da layin Turanci a ƙarƙashinsa. Ikilima tana bin layin da yatsa, harafi bayan harafi, yadda aka koya mata a firamare kafin a cire ta. No drives were found. Ba a samu ba. Me ba a samu ba? Abin da ke cikin cikinki, ke kwamfuta, shi ne ba ki samu ba?

Ta kashe, ta kunna. Ta sake kashewa.

Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana tsiyayar da ruwa cikin bokiti, ɗis… ɗis… bai sanyaya komai ba sai bangon da yake jiki. An yi azahar tun ɗazu. Da la'asar motar makaranta za ta tsaya a bakin layi, yarinyar, 'yarta, za ta hau bene, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu kamar kullum, ba za ta kalli kowa ba, kai tsaye nan teburin za ta nufo. Ta sa yatsa a kan allo. Ta jira.

Me za ta ji?

Shi ne abin. Ba kwamfuta ce damuwarta ba, Allah ya sani, da ta rabu da ita tuntuni an huta. Muryar Malam ce a ciki. Malam Idrisu, mijinta, wanda aka kai makwancinsa a maƙabartar Nasim nan bayansu, shi ya zauna a cikin motar maigidansa, ya rufe gilashi, ya kashe sanyi don kada ƙara ta shiga, yana zufa yana faɗa wa na'ura kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Ruwa. Shinkafa. Banɗaki. Ciwo. Barci. Wata malama a makarantar yara masu buƙata ta musamman ce ta ba shi manhajar a faifan CD, hotuna ne jere a allo, yarinyar da ba ta magana ta taɓa hoton kofi, na'ura ta ce ruwa. Da Larabci take faɗa. Malam ya ce a'a, 'yata da Hausa za ta roƙi ruwa. Ya goge muryar Balarabiyar ya sa tasa. A bayan "shinkafa" ana jin hon ɗin wata mota. A bayan "banɗaki" ana jin yana danne dariya…

Filash na farko da Kamil ya ba ta yana rami. Tsohuwar Windo ce a ciki, mai lamba bakwai, ita kaɗai manhajar ta sani. Kamil ya gwada mata sabuwa, kyakkyawa, shuɗiya shar, manhajar ta leƙo ta rufe kanta kamar wadda ta ga baƙo. Muryoyin kuwa ya ceto su daga mataccen faifan, suna nan, amma a ƙulle, ba mai buɗe su sai manhajar, manhajar ba ta tashi sai a kan tsohuwar Windo, tsohuwar Windo kuma ba ta san sabon faifai ba. To ya ake so mutum ya yi? A ce masa ya kawo irin tsohon, mai juyawa yana ƙugi — mafi, mama, babu, kalas, ya ƙare, ba ya ajiye su. A ce ya saka mata tsohuwar da kansa — ya ɗaga hannu sama, ga mutane a layi, wa ke da lokacin kayan da? Sai da ya ga ta ja gefen abaya tana share ido sannan ya miƙo mata filash biyu, ya ce je ki gida ki gwada, zan turo miki bayani a waya.

Bayani! Larabcin Sudan da gudu kamar ana kora shi. Ta saurara har ta haddace inda yake tsayawa ya kurɓi shayi.

Shuɗin allo. Zaɓi harshe. Gaba. Amince — da me take amincewa, oho, ta dai amince. Na ƙasa, ba na sama ba, haka ya ce. Sai kuma… farin akwatin. Wayam.

Kai, wannan abu!

Direba. Wai direba yake nema. Ita ma fa kalmar nan ce ta kunyata ta, har yanzu in ta tuna sai ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. A waya ya ce mata, mama, lazim direba, in ba direba ba amfani. Me za ta fahimta? Mace ce, matar direba, ta yi rayuwarta kaf tana wanke fararen riguna na direba tana goge su. Ta ɗauka ko doka ce ta shagon, ko kayan ne da nauyi, ko dai ba ya son mace ta zo masa ita kaɗai. Ta kira Talle, abokin aikin Malam, ta roƙe shi don Allah don Annabi, bawan Allah ya yi wa uwar ɗakinsa ƙaryar tayar mota ta sace, ya ɗauko ta tun daga Nasim cikin ranar nan. Ta shiga shago da ƙarfinta. Ga direban, na zo da shi. Kamil ya kalli Talle tun daga hula har silifa. Ya kalle ta. Sai ya kife a kan tebur yana dariya, har ɗan Bangaladash na shagon kusa ya leƙo. Talle ya sunkuyo ya ce, Hajiya, ni fa mota na sani.

Dariya… to ku yi. Ku da kuka sa wa abu sunan mutum.

Ba mai tuƙi ba, mama, in ji Kamil yana share hawaye, ta'arif! Ya ware hannuwa biyu, wannan tsoho, wannan sabo, ba su san juna ba, sai wani ya tsaya a tsakiya ya ce wannan wane ne, ga yadda ake masa magana. Ta'arif ta sani. Wa ke zaune a garin nan bai san ta'arif ba? Takardar da kafili, mai ɗaukar nauyin zamanka, ke ba ka ka kai banki ko asibiti, don su yarda kai mutum ne. Kana tsaye a gabansu da kanka da ƙafarka, amma ba a gan ka ba sai wani ya faɗa. Ashe har ƙarfe ma haka.

Filash na biyu. Ramin dama ko na hagu? Ya ce kada ta sa a mai shuɗin baki, tsohuwar ba ta san shi ba shi ma. Ba ta san wannan ba, ba ta san wancan ba, wace irin tsohuwa ce wannan mai taurin kai… Ta sa a baƙin. Ta danna inda aka zana ɗan faifai. Ga jakunkuna sun fito, rawaya, sunayensu duk lambobi da haruffa a cakuɗe, ba ko ɗaya da aka rubuta wa direba. Arba'a wa sittin, haka ya ce, sittin da huɗu. Akwai biyu masu sittin da huɗu. Biyu! Bai faɗi wannan ba. Yana can yana kurɓar shayi.

Na sama. Bismillah.

Koren layi yana rarrafe.

Jiya yarinyar ta jiƙa kanta a tsaye a tsakar falo. Budurwa, ta fi uwarta tsawo. Ta yi ta danna baƙin allo inda hoton banɗaki yake zama, tana dannawa, tana dannawa, ita kuma Ikilima tana kicin ta ɗauka ruwa take so, ta kawo ruwa, aka watsar, ta kawo laban, nonon kanti, aka watsar. Sai da ta ga abin yana bin ƙafa. Yarinyar ta kai wuyan hannunta baki ta ciza, wurin da bai warke ba tun shekaranjiya. Ba kuka. Da ma kuka take yi, da sauƙi. An ce akwai irin manhajar a waya, ta saukar, wata mata ce ke magana da Turanci, murya sumul kamar ta filin jirgi, yarinyar ta saurara sau ɗaya ta jefa wayar a bango. Ga tsagin nan har yanzu.

Malam, ka ga abin da ka bar min? Kai ka iya. Kai ne kake shigowa ka durƙusa a gabanta ka ce mene ne, nuna min, ka jira, ka jira, ko shinkafa na ƙonewa kana jira. Ni ina bakin ƙofa da ludayi. Kullum ina bakin ƙofa…

Koren layin ya kai ƙarshe. Ya ɓace.

Farin akwati.

Innalillahi. Ta dafe kai. Ta ji kamar ta ɗaga abin ta maka da ƙasa, ta ji ƙararsa, a ce an gama, kowa ya huta — a'a, a'a, astagfirullah, muryar tana ciki, ko ba a ciki ba, tana wani wuri dai kusa da nan, a filash, a waya, ita ba ta ma san takamaimai inda take ba yanzu. Mutum yana kabari, muryarsa tana jaka mai rawaya. Wa zai gaya wa Inna wannan ta yarda?

Inna. Ita ce ai. A Gumel, lokacin wankan jego, ruwan zafi yana tashi da ganyen darbejiya, Inna tana tsaye a kanta. 'Yar fari ce, ki kama kanki. Ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a yi mata wasa, sunanta kuwa kada in ji shi a bakinki. Ta kama kanta. Ta iya kama kai, shi kaɗai ne abin da kowa ya yaba mata da shi. Ke. Ke, zo nan. Yarinyar nan ta ci abinci? Suka zo Riyad, ɗaki biyu da falo a hawa na uku, ba suruka, ba kishiyar uwa, ba maƙwabciyar da za ta kama baki ta ce ji marar kunya, Malam yana mata tsiya, yo nan wa zai gan ki, bangon? Shi ma ai 'yar farinsa ce, amma ranar da likita ta ce a riƙa kiran sunanta ana kallon idonta, a ranar ya ajiye tasa kunyar a asibitin ya taho. Ita ta ce sai gobe. Harshe ya saba. Goben ce har yau.

Hoton farko a manhajar, na sama a kusurwa, fuskar yarinyar ce da kanta. Shi take fara taɓawa in ta dawo, kafin ruwa, kafin komai. Muryar ta ce, Zahida, sannu da zuwa. Sai kafaɗunta su sauka. Sai ta cire ɗaya takalmin.

Akwai hoton Ikilima ma, can ƙasa, kusa da na tsintsiya da na kwandon shara. Ta kau da fuska lokacin da ya ɗauka, rabin kunci kawai da gefen mayafi. Umma, in ji muryar. Yarinyar ba ta cika taɓa shi ba. Me za ta taɓa shi ta yi? In tana son abu ta gaya wa allo, allo ya faɗa da muryar ubanta, Ikilima ta ji daga kicin ta kawo. Haka suke tun yana raye. Haka suke bayan ya rasu, ba abin da ya canja, shi ya sa ma gidan bai rushe ba, yana nan yana kai saƙo yana dawowa, daga wannan zuwa waccan, kamar yadda ya saba, ɗauko wannan, sauke wancan…

Ta tsaya.

Hannuwan Kamil biyu a ware. Wannan, da wannan. Ba su san juna ba.

A'a. Ba yanzu ba, ba ta da lokacin wannan tunanin. Saura jaka ɗaya. Na ƙasa, mai sittin da huɗu. Kibiyar ta zame ta wuce, ta dawo da ita, ta danna. Wani dogon suna ya fito. Gaba. Ya Allah, ba don halina ba.

Koren layi. A hankali, kamar mai ciwon ƙafa.

Hon a ƙasa. Sau biyu, gajeru — motar makaranta ce. Tun yanzu? Ai ba a kira la'asar ba… ko an kira ba ta ji ba? Ko da faifan ya fito yanzun nan, ai da sauran aiki, a zuba Windo, a zuba manhaja, a mayar da muryoyi, Kamil ya ce abin yana ɗaukar lokaci. Ba za ta kai ba. Tun safe ta san ba za ta kai ba, ta dai zauna ne.

Taku a bene. Ɗaya mai takalmi, ɗaya babu. Ƙwas, tif. Ƙwas, tif.

Ƙofa a buɗe take, ta bar ta a buɗe. Ga ta. Jaka a rataye a wuya, gashi ya fito ta gefen hijabi, bandejin wuyan hannu ya yi baƙi. Ba ta kalli kowa ba. Teburi. Yatsa a kusurwar allo, sama, inda fuskarta take zama. Babu fuska, sai shuɗi da koren layi yana ja. Ta danna. Ta jira, kai a karkace, kunne a gaba. Ta sake dannawa.

Ɗis… ɗis…

Hannun ya fara tafiya baki. Ikilima ta riƙe shi — ba ta san lokacin da ta miƙa nata ba, ba ta saba ba, fatar da zafi, ashe haka hannunta ya yi girma. Yarinyar ta tsaya cak. Ta juyo. Ba idon take kallo ba, bakin take kallo. Ta ɗaga yatsan nan, wanda ya gaji da danna gilashi, ta ɗora shi a kan leɓen uwarta. Ta danna.

Ta karkata kai. Tana jira.

Ikilima ta san me ake tambaya. Harafi nawa ne duka-duka? Malaman makaranta suna faɗarsa, direban mota yana faɗarsa, ɗan Indiyan kanti ma ya iya shi. Yana nan a bayan haƙoranta, tun Gumel yake nan, ya yi nauyi kamar dutse. Ba Inna a ɗakin nan. Ba Malam. Koren layin yana can gefen idonta, ko ya tsaya ko yana tafiya, ba ta sani ba, ba za ta iya juyawa ta duba ba, yatsan yana kan leɓenta, ya sake dannawa, a hankali wannan karon.

Ta buɗe baki. Iska ce ta fara fitowa.

Za…