Ranar da Scholastica Ta Faɗi

Ina gugar kayan coci na ji wani abu ya faɗi tim a baranda, inda Scholastica ke soya doya. Ɗaki ɗaya muke haya da ita a unguwar Romi, ni ina koyarwa a firamare, ita tana kitso a shago. Bakinta ba ya hutawa ko tana wanka, don haka shirun da ya biyo baya ne ya tsinka min zuciya.

Na same ta a ƙasa tana jijjiga, idanu sun kakkafe, kumfa na fita daga bakinta. Ƙafarta sai dukan risho take yi, kaskon mai yana tangal-tangal dab da cinyarta.

Farfaɗiya ce. A ƙauyenmu tun muna yara ake ja mana kunne, wai duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, shi ma ya kamu. Na yi boko, na san zancen banza ne, amma ƙafafuna ba su yi bokon ba. Tsoro ya kafe ni a bakin ƙofa.

Maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa daga nesa yake ba da shawara.

"Ruth, kar ki taɓa ta fa, abeg," in ji Mama Joy, matar mai gidan hayarmu. "A sa mata cokali a baki."

Ba wanda ya matso, har ita mai cokalin.

Kaskon ya sake karkata. Na fizge shi da hannu ba ko tsumma, ya ƙona ni, na kashe risho. Na juya Scholastica kan gefenta, na ɗora kanta a cinyata. Kumfar ta gangaro min har wuyan hannu. Wallahi ta fi ƙunar tayar min da hankali.

Da ta farfaɗo ta ga taron, sai ta rufe fuska da zani.

"Sista Ruth," ta ce a hankali, "ki bar ni zuwa ƙarshen wata in nemi wani ɗaki. Na saba."

"Rufe min baki," na ce.

Na ɗebo mata ruwa a kofina, ta sha rabi. Mama Joy na kallo na kafa kai na shanye sauran.