Idon Tela da Farin Wata

Tela yana da taƙama ɗaya: wai shi ba ya buƙatar tef, kallo ɗaya zai yi wa mutum ya yanka yadi. Matarsa, malamar makaranta, ita ke shan wahalar wannan taƙamar, don duk rigar da ya ɗinka mata sai ta yi iyo a ciki.

Ran nan da magariba suna tsakar gida, wata ya leƙo ta bayan tankin ruwan maƙwabta, jajir, ƙato kamar faranti.

"Malama, dubi ikon Allah! In ya hau sama sai ya ƙanƙance, rabinsa ma ba zai kai ba. Idona ya auna."

Ta zaro wani mitsitsin maɓalli daga gwangwaninsa. "Miƙe hannu, Maigida, ka rufe shi da wannan."

Maɓallin ya rufe watan ruf. Bayan isha, da watan ya yi sama, ta sa ya sake. Daidai wa daida.

"Ido yana ɗaukar sama kamar kifaffen kwano mai faɗi," in ji ta. "Gefe nesa, tsakiya kusa. In abu yana gefe, ga rufin gidaje kusa da shi, sai ido ya ƙara masa awo."

Tela ya riƙa jujjuya maɓallin a hannunsa.

Ta rataya masa tef a wuya. "Ni ma ashe daga gefe kake hango ni. Gobe ka matso ka auna."