Kabari a Jikin Bango

Ranar wata Talata ce cikin daminar 2009. Larai tana tsugune a ƙofar gidanta a unguwar Fadikpe tana ware doyar da za ta kai kasuwa, sai ta ga Andrawus, ƙanen marigayi mijinta, ya sauko daga mashin tare da fasto. Andrawus ba ya tako gidan sai da Kirsimeti. Ta dubi fuskarsa, ta dubi ta fasto, ta ajiye doyar da ke hannunta.

Maganar Caleb ce, ɗanta guda da Allah ya bar mata. Yana shekara ta uku a makarantar koyon aikin jirgin ruwa can kudu, an kwashe ɗalibai a babban jirgi su yi wata huɗu a teku suna koyo. Jirgin ya tsaya a wani tsibiri na ƙasar Sifen, aka ba su kwana biyu su zaga gari. Ranar ta zo daidai da bikin masunta, wanda mutanen wurin ke ɗora mutum-mutumin Maryamu a kwalekwale su zagaya da shi cikin ruwa. Caleb ya shiga wani ƙaramin kwalekwale don ya gani da kyau. Kwalekwalen ya yi karo da wani, kansa ya bugi ƙarfe, ya faɗa ruwa. Kafin a ciro shi rai ya yi halinsa.

Larai ba ta yi kuka nan take ba. Ta tambaya yaushe za a kawo mata shi. Andrawus ya sunkuyar da kai ya ce ai an riga an binne. Tun ranar Asabar aka kira shi, don lambarsa ce a takardar makaranta. An ce masa kawo gawa zai ci makonni, kuma mutanen garin sun yi alkawarin jana'iza ta mutunci, shi kuwa ya ce to.

"Kai ka haife shi?" in ji Larai.

"Matarmu, ki yi haƙuri, ni ma ɗana ne."

"Ɗanka ne, amma kwana uku kana cin tuwo kana barci ban sani ba."

Fasto ya fara addu'a, ta tashi ta shige ɗaki ta bar su tsaye.

Bayan wata biyu jirgin ya dawo, Ndagi ya zo. Ɗan wata tela ne a Tunga, mutanen Bida, abokin Caleb tun firamare, tare suka shiga makarantar jirgin. Ba a ƙirga sau nawa ya ci abinci a tukunyar Larai ba. Amma labari ya riga ya iso mata cewa shi ya matsa wa Caleb su je kallon bikin. Ya yi sallama, ya durƙusa ya ce, "Mama." Ba ta ba shi kujera ba, ba ta ba shi ruwa ba.

Ya ajiye jakar Caleb, ya miƙa mata ambulan cike da hotuna. Ta riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ga Caleb a gaban wasu fararen gidaje masu korayen ƙofofi. Ga shi yana yatsine fuska a kan faranti, an zuba masa wata dabbar ruwa mai ƙafafu barkatai. Ga shi tsakanin tsofaffi masu hular kaba suna kaɗa molo. Ga shi a kan raƙumi yana dariya, haƙora duk a waje.

Ta ce wato raƙumi suka tsallaka teku su gani, abin da ke wucewa a titi kyauta. Karatu aka ce mata za a yi, ba wanda ya ce mata yawon buɗe ido ne da kallon gunki.

Hoton ƙarshe ba mutum a ciki. Wani dogon farin bango ne, an rarraba shi gida-gida kamar lokar mai sayar da magani. A layi na uku daga ƙasa, ga sunan Caleb a rubuce. Iya karatun da ta yi ya ishe ta gane sunan ɗanta.

Ndagi ya yi saurin bayani, a zatonsa zai sanyaya mata zuciya. Ya ce haka suke yi a can, ƙasarsu dutse ce zalla, sai su zura akwatin a bango su toshe da siminti. Har manyan gari haka ake musu. Ya ce masunta sun fito da yawa, mata sun kawo fure.

"Tsaya. Ƙasa ba ta taɓa shi ba?"

Ndagi ya fara tattara hotunan.

"Na ce ƙasa ba ta taɓa ɗana ba? Akwai wani a samansa, akwai wani a ƙarƙashinsa, kamar buhunan masara?"

"Haka ne, Mama."

"Fita mini daga gida. Ka ja shi ruwa, sannan ka tsaya kana ɗaukar hoto ana cusa shi a bango."

Washegari ta hau mota zuwa Maikunkele, ta samu Andrawus yana karyawa, ta ajiye masa hoton a kan burodinsa a gaban matarsa Margaret. Ya daɗe yana kallo. Ya rantse shi da aka ce binnewa, rami ya ɗauka, wa zai yi tunanin akwai wata binnewa ban da wannan. Ta ce bai tambaya ba ne don ba shi ya yi naƙuda ba. Margaret ta ce ai duk inda gawa take Ubangiji ya san nasa. Larai ta ce mata ta ajiye wannan wa'azin sai ranar da aka sa nata a kabad. Tun daga ranar ba ta ƙara taka gidan ba.

Fasto ya rubuta wa makarantar wasiƙa sau biyu a madadinta. Amsa ɗaya ta zo, wai ba a buɗe irin wannan kabari sai bayan shekaru. Dare da rana abin da ke cinta ke nan, mijinta na ƙasa, iyayenta na ƙasa, ɗanta kaɗai na rataye a sama a garin da ba wanda ya iya kiran sunansa daidai.

Ndagi bai daina zuwa ba. Duk hutun da ya samu, in ya sauko daga masallacin Juma'a sai ya biyo ya gaishe ta daga bakin ƙofa. Ba ta amsawa. Wata rana ma ruwan wanki ta watsa kusa da ƙafarsa.

Shekara biyu a haka. Ran nan ya zo ya ce ya samu aiki a jirgin dakon kaya, kuma jirgin yakan tsaya shan mai a tsibirin nan. Ya juya zai tafi.

Ta ce ya tsaya. Ta ɗauki fartanya ta zaga bayan ɗaki, gindin bishiyar gwaiba, inda ta binne cibiyar Caleb da hannunta shekara ashirin da biyar da suka wuce. Ta haƙa, ta ɗebi jar ƙasa cikin tafi biyu, ta yagi gefen zaninta ta ƙulle.

Ndagi ya ce bangon a toshe yake, ba abin da ke shiga. Sai dai akwai ɗan kofi a manne a gaban kowane suna, na sa fure.

"Ka zubar da furensu ka sa wannan. Kada ka ɗauka na yafe maka. Ba ni da wani ɗan aike ne."

Ya karɓa da hannu biyu.

Sai da aka yi wata bakwai ya dawo. Hoto ɗaya ya kawo. Kofin cike da jar ƙasa, kuma gefen simintin duk ya yi ja. Ya ce tsohon da ke gadin maƙabartar ya hana shi da farko, sai da ya nuna masa da hannu cewa uwa ce ta aiko. Tsohon ya kawo tsani da ruwa, suka kwaɓa sauran ƙasar, suka cusa a wata 'yar tsaga da ke saman sunan har ta shige ciki.

Larai ta daɗe tana duban hoton. Ba ta yi godiya ba. Ta sa ƙafa ta tura masa kujera, ta koma kan doyarta.

Ramin nan na gindin gwaiba har yau ba ta cike shi ba. Kullum da safe in ta gama shara, sai ta tsuguna ta sa hannu ta kwashe ganyen da ya faɗa ciki.