Sifanar Malam Babaji

"Kada ka saki buhun gaba ɗaya, Malam Audu. A hankali, kamar kana sauke mara lafiya."

Malam Babaji bakanike ne ke magana, yana zaune kan benci a ƙofar garejinsa da ke Ƙofar Kwaya, ƙafafunsa a kumbure har silifa ba ya shiga. Ni kuma ina rungume da buhun gero da na auna a shagona, wanda katanga ce kawai ta raba shi da garejin. Mun maƙala sifanarsa ta awo a notin tayar wata matacciyar mota, hannunta a miƙe, mun ɗaura mata igiya daidai inda ya sa alama da alli.

Ita sifanar awo saita ta ake yi. In ɗaurin noti ya kai ƙarfin da ake so, sai ta yi ƙara, ƙas, bakanike ya tsaya. Tun yana saurayi ubangidansa ya ba shi ita. A lissafinsa, ba za ta yi ƙara ba sai nauyin buhun ya sauka duka.

Ban ko sassauta hannu sosai ba ta yi ƙas.

"Sake," in ji shi.

Muka sake. Haka dai.

Abin da ya jawo wannan gwaji, tayar motar Muttaka ce ta cire a hanyar Jibiya. Muttaka direban bas ne, kuma Malam Babaji ne ya gyara masa birki ya mayar da tayar. Ba a rasa rai ba, amma ƙafar Muttaka ta karye. Tun daga ranar Malam ya daina cin abincin kirki.

Ya karɓi sifanar ya ɗora a cinya. "Ƙarfen cikinta ya gaji. Tana cewa ya ɗauru alhali da saura, ni kuma ina gaskata ta. Allah kaɗai ya san tun yaushe."

Ɗiyarsa Rashida, wadda ta baro gidan mijinta don jinyarsa, ta leƙo daga zaure.

"Baba, likita cewa ya yi ka kwanta."

"Kwanciya na nan tahe, ɗiyata. Malam Audu, tada babur ɗinka."

Na goya shi har wani lungu bayan hasumiyar Gobarau. Yana riƙe da kafaɗata, ina jin numfashinsa a wuyana kamar zugazugi. Muka tarar da Muttaka a tabarma, ƙafa a ɗaure. Bayan an gaisa, an yi ya jiki, Malam Babaji ya ce, "Muttaka, na zo neman gahwara. Sifanata ce ta ci amanarka, kuma hannuna ne ya riƙe ta."

"Haba Baba! Hanyar nan duk ramuka ce. Mi ya kawo wannan magana?"

"Ƙila ramuka ne. Amma ka yahe mani nawa kason."

Muttaka ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza gefen tabarma. "Na yahe, Baba. Duniya da lahira."

Na ɗauka shi ke nan, zai koma ya huta. Ina! Washegari ya aro sabuwar sifana wurin wani tsohon yaronsa da ya buɗe nasa gareji. Ita ma sai da muka rataya mata buhun gero kafin ya yarda da ita. Sannan ya shiga kiran duk wanda ya taɓa ɗaure wa taya. Waɗanda ba ya da lambarsu, ni ya aika tasha in ba da saƙo. Wasu suka yi dariya suka ce tsufa ne. Wasu suka zo. A motar wata malamar makaranta aka samu noti da ɗan yatsa ma ke juya shi. Matar ta dubi kujerar baya inda 'ya'yanta ke zama.

Ƙarfin jan sifana ya riga ya ƙare masa, sai dai ya zauna yana nuni da sanda, mai mota ya ja da kansa. Da Muttaka ya fara takawa, sai ya riƙa zuwa a keken haya, ya zauna kan kujera 'yar tsugunno, ƙafar a miƙe, yana ja masa.

Wata rana da hantsi ina auna wa wata mata wake, Rashida ta tsaya a ƙofar shagona, mayafinta a karkace.

"Baba Audu, zo ka duba mani shi. Na kai mishi kunu, ya ce in aje ya huce."

Na shiga. Yana kwance ta gefen dama, hannunsa ƙarƙashin kunci. Kunun bai gama hucewa ba.

Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Ana zaman makoki a ƙofar gida sai ga wata tsohuwar bas ta tsaya, buhunan albasa a samanta. Direban ya sauko yana fara'a. "Ina Baba? An ce yana nemana. Ina Legas, sai jiya na dawo."

Ya dubi tabarmi, ya dubi butoci, fara'ar ta gushe. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, liman ya ja addu'a muka shafa.

Muttaka ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya shiga garejin ya fito da sabuwar sifanar, ya ja kujerarsa zuwa gindin tayar gaba ta bas ɗin, ya naɗe hannun farar rigarsa. Muna zaune muna kallon bayansa. Da ya matsa zuwa taya ta biyu, baƙin mai ya riga ya ɓata masa gaban rigar, bai ko duba ba.