Ƙarar da Injiniya Ya Ji

"Wai ya rasu ko bai rasu ba?" Tela ya sake tambaya, almakashi na hannunsa.

Baƙon da ke tsaye a ƙofar shagon, hannunsa naɗe da bandeji, ya ce, "Ya rasu, Baba. Gidansa nake nema."

Tela ya dubi gidan da ke tsallaken titi. Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka da Injiniya, mai gyaran jirage masu saukar ungulu. Ko da safiyar nan sai da ya leƙo ya yi masa tsiya, wai keken ɗinkinsa na kukan mai.

"Amma a rediyo an ce jirgi ya faɗi, babu wanda ya mutu."

"A lokacin, da ransa. Ni ne matuƙin jirgin."

Tela ya tura masa benci.

"Ma'aikata takwas zan ɗauka," in ji matuƙin. "Takardun gyara duk sun cika. Ina tayar da inji Injiniya ya ce bai yarda da ƙarar ba. Wallahi ni ban ji komai ba, har muka yi cacar baki. Ya ce babu mai hawa sai mun gwada, mu biyu. Minti shida da tashi injin ya ɗauke. Na lallaɓo shi muka faɗa wata gona."

"A nan ya cika?"

"A'a. Da ƙafarsa ya fito. Ya buɗe injin, ya nuna min bututun mai da ya tsage, ya ce, 'Ka gani ko?' Har da dariyarsa. Sai ya ce bari ya ɗan zauna."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Likita ya ce jini ne ya zuba ta ciki."

Tela ya juya maganar a ransa, ta ƙi zama. Mutum ya faɗo daga sama ya miƙe, sannan zama ya kashe shi?

Suka tsallaka titi tare. Matar Injiniya na tsakar gida tana tara ruwa a bokiti. Ta tarbe su da fara'a.

"Kun ji abin da ya faru? Allah ya kiyaye! Ɗazu ya kira ni daga gonar, ya ce in ajiye masa abinci." Ta dubi bandejin. "Sannu, bawan Allah. Shi yana ina, yana tafe?"

Tela ya buɗe baki, ya dubi matuƙin. Matuƙin ya sunkuyar da kai.

A bayanta bokitin ya cika, ruwa na gangarowa a hankali ta ƙarƙashin takalmansu.